Mai digiri da tiyon wanke jini: ra'ayina kan fim ɗin Melancholic

Yen miliyan 3 aka kashe wajen shirya Melancholic. A Japan wannan kuɗin sabuwar mota ɗaya ne, ita ma ba ta ƙasaita ba. Samari uku sa'o'in juna suka haɗa kai suka yi shi: Seiji Tanaka ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, Yoji Minagawa ya ɗauki nauyin shiryawa ya kuma fito a matsayin jarumi, Yoshitomo Isozaki ya fito a matsayin abokin aikin jarumin, kuma shi ya tsara duk wani faɗa da riƙon bindiga da ke ciki. Ƙungiyar tasu suka sa mata suna One Goose. Tanaka a lokacin ma'aikacin albashi ne a wani kamfanin harkar kwamfuta, don haka sai ƙarshen mako ake kunna kyamara, kwana 10 ke nan jimilla. Gidan wankan da labarin ya ta'allaƙa a kansa ma ba don fim aka gina shi ba. Gidan wanka ne na gaske mai suna Matsu no Yu a garin Urayasu da ke lardin Chiba, daf da Tokyo, sai an sallami masu wanka an rufe ƙofa sannan 'yan fim su shiga da kayansu.

Ba don in nema musu uzuri na fara da lissafin kuɗi ba. Da kuɗin sun fi haka yawa, da ba a bar su sun yi wannan fim ɗin ba. Manyan finafinan Japan yawancinsu kwamiti ke ɗaukar nauyinsu: gidan talabijin ya kawo kasonsa, kamfanin buga littattafai ya kawo, kamfanin talla da na rarraba fim su kawo, kowa kuma da bakin magana. Shi ya sa akasari littafin da ya riga ya yi kasuwa, ko labarin zane na manga, ake mayarwa fim, a liƙa masa fuskar da jama'a suka sani. Ka je gaban irin wannan kwamiti ka ce kana da labarin wani mai digiri da hankalinsa bai kwanta ba sai da ya fara wanke jinin mutanen da aka yanka, kuma babu sanannen jarumi ko ɗaya a ciki, ka ga yadda za a raka ka bakin ƙofa cikin ladabi da rusunawa. Su ukun ba su da wanda za su lallasa, sai suka yi abin da ransu ya ba su. Aka nuna fim ɗin a bikin finafinai na Tokyo a 2018, Tanaka ya raba kyautar gwarzon darakta ta sashen ƙananan finafinan Japan da wani darakta. A 2019 ya ɗauko kyautar fim na farko a bikin Udine na Italiya, a watan Agustan shekarar kuma ya shiga sinimomin Japan.

Tun da wuri gara in faɗa wa mai neman fim ɗin «wa ya kashe?» gaskiya. Babu jami'in bincike mai bin sawu, babu gawa a kullen ɗaki, babu tara mutane a falo a nuna mai laifi da yatsa. Kafin a yi nisa ka san mai kisan, ka san inda ake yi, ka san wanda ke ba da umarni. Abin da ba ka sani ba, wanda kuma zai riƙe ka kusan awa biyu, shi ne abin da ke cikin kan saurayin da ya ga komai da idonsa, ya je gida ya kwanta, gari ya waye ya koma bakin aiki fuskarsa a sake fiye da jiya.

Sunansa Kazuhiko. Ya gama Jami'ar Tokyo, wadda 'yan ƙasar ke taƙaita sunanta su ce Todai. An kafa ta a 1877, kuma ita ce ta yaye firaministoci da dama da tarin manyan ma'aikatan gwamnati. Yaro ya shige ta, dangi sun gama magana. Shi kuwa ga shi ya doshi shekara talatin bai taɓa riƙe aiki na dindindin ba, yana gaban iyayensa, sai 'yan ayyukan wucin gadi. Akwai abin da fim ɗin bai tsaya bayani a kai ba don 'yan Japan sun san shi: manyan kamfanoni tun ɗalibi yana shekarar ƙarshe suke yi masa alkawarin aiki, ya kammala a Maris, farkon Afrilu a rantaɓo su rukuni guda su fara. Wanda wannan zagayen ya wuce shi, shiga daga baya akwai wuya, kuma giɓin da ke takardunsa zai riƙa binsa duk inda ya je. In ka riƙe wannan a ranka za ka gane dalilin da ya sa duk wanda ya ji sunan jami'ar Kazuhiko sai ya sake dubansa daga sama har ƙasa, tambaya ɗaya na yawo a idonsa: to me ya faru?

Gidansu ba gidan faɗa ba ne, kuma nan Tanaka ya fara burge ni. Ragon marubuci da ya ba shi uba mai tsawa da uwa mai kuka. A nan iyayen ko gori ba sa yi. Ana zaune ana cin abincin dare, uban ya yaba girki, uwar ta ji daɗi, a ɗan taɓa Kazuhiko da magana, ya amsa a gajarce, shi ke nan. Ana ta dawo da mu wannan teburin, kusan daga kusurwa ɗaya, da hira iri ɗaya. Da farko dariya abin ke ba ka. Daga baya sai ka lura wannan sanyin halin ne ke cinye yaron a tsaye: babu mai buƙatar komai daga gare shi. Ya fita, ya zauna, ya yi barci har azahar, shinkafa za ta dahu, a zuba masa kasonsa. Ni ma na taɓa ɗanɗanar zaman kashe wando bayan makaranta, kuma abin da ya fi ci mini rai a lokacin ba faɗan kowa ba ne, sai irin wannan haƙurin da mutane ke yi da kai, wanda ke nuna sun daina sa rai.

Abin da ya fitar da shi gida ƙaramin abu ne ƙwarai. A gidajen Japan a wajen baho ake saɓa jiki a ɗauraye tsaf, sannan a shiga ruwan zafi a jiƙa, kuma ruwa ɗaya ne mutanen gida ke shiga bi da bi. Wani dare uwar ta zubar da ruwan kafin layi ya zo kansa, sai ya nufi gidan wankan unguwa, irin wanda suke kira sento. Labule a bakin ƙofa, akwatunan ajiye takalma, ɓangaren maza daban na mata daban, jerin famfuna da gajerun kujeru, babban kwarmin ruwan zafi da kowa ke shiga bayan ya wanke jikinsa, tayil ƙasa da bango, can baya kuma tukunyar da ake hura wa wuta. A nan ya haɗu da Yuri, wadda suka yi sakandare tare. Ita ta ja shi hira, ita ta tuna masa taron tsofaffin ɗalibai, inda ya je ya raɓe a gefe yana kallon wani ɗan ajinsu da kasuwanci ya karɓa ana ta kewaye shi. Ita ce kuma silar da ya nemi aiki a gidan wankan, tunda tana zuwa, zai riƙa ganinta. Maigidan, wani dattijo mai fara'a da ake kira Azuma, ya ɗauke shi tare da wani saurayi mai rinannen gashi ruwan zinariya, Matsumoto, wanda kallo ɗaya za ka yi masa ka ce wannan bai yi nisa a makaranta ba. Kazuhiko ma haka ya ce a ransa, kuma fuskarsa ba ta ɓoye ba.

Sana'ar da ya shiga sana'a ce mai mutuwa. A 1968 gidajen sento a Japan sun kusa 18,000. Yau ba su kai 2,000 ba, don kusan kowane gida ya sami bahonsa. Kuɗin shiga kuma ba mai gida ke yankewa yadda ya ga dama ba, gwamnan lardi ne ke ƙayyade iyakarsa a ƙarƙashin wata dokar farashi da ta samo asali tun 1946. A Tokyo, shekarar da aka nuna fim ɗin, babba yen 460 yake biya. Ga kuɗin ruwa, ga na makamashi, ga gyaran tsohon gini, ga kwastomomi tsofaffi suna raguwa duk shekara. Don haka da aka ce bashi ya yi wa Azuma katutu har ya faɗa hannun wani ɗan yakuza, wato ƙungiyoyin masu aikata manyan laifuka na Japan, ban ji an tilasta wa labarin ba. Mutumin da wuyansa ke cikin igiya, abin da mai igiyar ya ce shi zai yi.

Wani dare Kazuhiko ya biyo ta wajen bayan an rufe, ya ga alamar mutane a ciki, ya leƙa. Ana yanka mutum a kan tayil ɗin da zai wanke gobe. Aka kama shi yana leƙe. A nan ne kowane fim zai sa a ɗaure shi, ko ya ƙwace ya ruga ofishin 'yan sanda. Azuma kuwa zama ya yi da shi ya yi masa bayani da muryar da yake koya masa jera bokitai da rana: tayil ba ya riƙe jini, ga tiyo, ga magudana, ga wuta a baya da za ta cinye gawa. Mai kallo ma da kansa zai ƙarasa lissafin, ya tuna cewa babu maƙwabcin da zai tambayi dalilin hayaƙi a gidan da kullum hayaƙi ke tashi. Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne maganar tana da ma'ana. Aka miƙa wa mai digiri burushi da tiyo, ya duƙa ya wanke. Da ya gama aka ba shi ambulan.

Wannan ambulan ɗin shi ne fim ɗin. Ya koma ɗakinsa da kuɗin, maimakon amai ko kuka sai murna ta kama shi, irin murnar yaron da aka yaba wa a gaban aji. Ba kuɗin kaɗai ba ne, ko da yake sun ba shi damar fita da Yuri yana ɗan ɗaga kafaɗa. An ba shi sirri. An ce masa akwai aikin da ba kowa ake bari ya gani ba, kuma shi yana cikin waɗanda suka gani. Tun da ya bar jami'a babu wanda ya taɓa danƙa masa wani abu ya ce riƙe, sai ga shi wanda ya fara yi masa haka mai yanka mutane ne. Daga ranar tafiyarsa ta sauya, muryarsa a teburin abinci ta ƙaru, har jira yake a kira shi aikin dare. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma Kazuhiko bai ma san an ɗaure shi ba. Shi a ganinsa ƙarin girma aka yi masa.

Inda na fi yin dariya, kuma inda na fi jin kunyar dariyata, shi ne lokacin da ya gano Matsumoto ma yana aikin dare, har ma an fifita shi a kansa. Ranka ya daɗe, sai kishi! Kishi sosai, irin na uwargidan da aka yi wa amarya ba a shawarce ta ba. Yana kumbure-kumbure, yana jefa magana, yana neman a faɗa masa dalilin da zai sa a ba wannan mai rinannen gashin babban matsayi alhali ga shi ɗan Todai a tsaye. Ka tuna matsayin da ake rigima a kai: wa zai ɗauko mutum, wa zai kashe, wa zai wanke. Tanaka bai sa kiɗan ban dariya ba, bai sa kowa ya ƙyafta wa mai kallo ido ba. Ya bar abin yadda yake, rigimar ma'aikata biyu kan wanda oga ya fi so, wadda duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san ɗanɗanonta. Sai can Kazuhiko ya fahimci cewa yaron da yake rainawa ƙwararren makashi ne da ya daɗe a sana'ar, kuma a wannan gidan kwalin Todai bai kai darajar iya riƙe wuƙa ba.

Duk fim ɗin da harshen wurin aiki aka gina shi. Makasan ba sa zare ido, ba sa dariyar mugunta. Suna zuwa a kan lokaci, suna yi wa juna sannu da aiki, ƙarami yana girmama wanda ya riga shi shiga, ana maganar wa zai karɓi wane dare. Kodera, babban makashin gidan, mutum ne mai shiru da ladabi wanda za ka iya ba ajiyar makullin shagonka. In aka tambayi dalilin da ya sa ake kashe wane, amsar ita ce ba a tambaya, umarni ne daga sama. Makoto Hada, wanda ya fito a Azuma, ya gane wannan sarai: bai taɓa sauya murya tsakanin maganar sabulu da maganar gawa ba, kuma fara'arsa ta fi duk wata barazana da ke fim ɗin ban tsoro, don kana ganin mutumin da ya shekara yana gaya wa kansa cewa shi ba mugu ba ne, bashi ne kawai ya yi masa yawa. Japan na cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci a duniya, dokar mallakar bindiga tun ta 1958 tana da tsauri ƙwarai, har a shekaru da dama waɗanda harbi ke kashewa a duk ƙasar ba sa kai goma. Saboda haka babu mai cewa hoton rayuwar yau da kullum aka ɗauko. Abin da aka ɗauko na gaske shi ne ɗabi'ar ma'aikacin da ke yin abin da aka sa shi da kyau, ya bar tunanin dalili ga na sama da shi.

Isozaki ne ya sace fim ɗin, ko da yake ba shi ne jarumi ba. Matsumoto ɗinsa da rana yaro ne mai sauƙin kai, mai yawan rusunawa, wanda ke ganin girman Kazuhiko da gaske saboda karatunsa. Da dare kuwa jikinsa sai ya koma wani abu dabam, babu motsin banza ko ɗaya. Akwai zaman da suka yi su biyu a wata 'yar mashaya, Matsumoto ya yi masa tambayar da kowa ke yi, amma shi ba da gori ba, don yana son ya sani ne: mai irin wannan takardar me yake yi a gidan wanka? Kazuhiko ya mayar masa da tambaya, shin dole ne duk wanda ya fito Todai ya shiga babban kamfani ya ji daɗin duniya? Nan ne kaɗai ya buɗe cikinsa, kuma ga wanda ya buɗe wa: mutumin da bai san wata rayuwa ba sai kisa, wanda zama a ci abincin gida tare da iyaye baƙon abu ne a wurinsa. Kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa, kuma babu wanda ya san darajar nasa. Abotar da ta ƙullu tsakaninsu ta fi soyayyar da ke fim ɗin zafi nesa ba kusa ba.

Minagawa kuwa aikinsa ya fi wuya, don an ba shi mutumin da ba shi da daɗin zama. Kafaɗa a ranƙwashe, tabarau, baki a ɗan buɗe, ido ba ya tsayawa kan na mutane, ga girman kai a ƙarƙashin duk wannan kunyar. Bai nemi mu so Kazuhiko ba, kuma na gode masa da hakan. Wani lokaci yakan ɗan zarce, rawar jikin ta yi yawa har ka ga ɗan wasa maimakon mutum, musamman a farkon haɗuwarsa da Yuri. Amma murmushin da ke suɓuce masa in an yaba masa, wanda yake ƙoƙarin dannewa ya kasa, wannan ba a koyar da shi a makarantar wasa.

Ta fuskar sana'a, ƙarancin kuɗin yana bayyana, kada a yaudare ka. Kyamara a hannu take yawancin lokaci, wasu wuraren na dare duhunsu ya wuce na ganganci, sauti a cikin ɗakin wanka yana amsa-kuwwa har magana ta ɗan dushe, ɗakunan da aka yi amfani da su kuma 'yan kaɗan ne ana ta juya su. Sai dai gidan wankan da kansa ya biya su duk abin da suka rasa. Tsohon tayil, farin fitila mai sanyi, ƙarar ruwa a magudana, tsatsar da ke gindin famfo: babu mai tsara ɗaki da zai ƙirƙiro wannan da kuɗi. Faɗan ma kaɗan ne, gajere, ba tsalle ba juyi a sama. Mutum ya shigo, abu ya faru cikin daƙiƙa kaɗan, an gama. Na fi yarda da irin wannan a kan harbe-harben minti goma. Tanaka ya sami kuɗin da ya rasa daga baya, don Netflix ta fitar da wani fim ɗinsa na ramuwar gayya a 2025, faɗa tun daga farko har ƙarshe, amma ni hannunsa ya fi fito mini a nan, inda dole ta sa shi tattalin kowane harsashi.

To, ga inda muka raba gari da shi.

Ɗan yakuzan da ke ba da umarnin kisa, wanda shi ma Tanaka aka sa masa suna, bai cika mutum ba. Yana zaune a gida, yana ci, yana barazana, ga wata budurwa baƙuwar ƙasa a gefensa wadda labarin bai san abin da zai yi da ita ba sai can wajen ƙarshe. Ana iya kare wannan a ce yakuzan yau ɗin ke nan: a 1963 'yan ƙungiyoyin sun haura 180,000, a 2018 sun dawo wajen 30,000, kuma tun 2011 duk larduna 47 na ƙasar suna da dokokin da suka hana 'yan kasuwa hulɗa da su, har buɗe asusun banki da kama hayar gida sun zame musu aiki. Tsohon zaki a ƙaramin gida, yana cin bashin mai gidan wanka, hoto ne da ya dace da zamanin. Amma fim ɗin bai yi amfani da wannan ba. Ya ajiye shi ne kawai a matsayin mugun da dole a kawar, don sauran su fito da tsabta.

Wannan ya kai ni ga babban ƙorafina. Waɗanda ake yankawa ba su da suna, ba su da uwa, ba su da mai nemansu. A Japan kusan kowace shekara ana kai wa 'yan sanda rahoton ɓatan mutane sama da 80,000, yawancinsu ana gano su, ma'ana akwai masu zuwa su yi cigiya. A nan ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa ƙofa da hoto a hannu ba. Kuma a ƙasar da sama da kashi 99 cikin ɗari na mamata ƙone su ake yi, ƙonawar tana da ladubbanta: dangi na taruwa, su tsince ƙasusuwa da tsinke biyu su zuba a tulu, a kai makwanci. Jefa mutum a wutar dumama ruwan wanka, gobe jama'ar unguwa su zo su jiƙa jikinsu, cin mutunci ne da ɗan Japan zai ji har ƙashinsa. Daraktan ya taɓo wannan ya wuce kamar dabara ce kawai ta ɓatar da shaida. Na yarda cewa da idon Kazuhiko muke kallo, shi kuma ya zaɓi kada ya gani. Sai dai akwai bambanci tsakanin fim ya nuna mana makantar jaruminsa da fim ya makance tare da shi, kuma a kashi na ƙarshe ina ganin Melancholic ya faɗa na biyun.

Yuri ma an cuce ta. Mebuki Yoshida ta yi wasa mai daɗi, dariyarta ba ta roba ba ce, kuma ita kaɗai ce ke yi wa Kazuhiko magana kai tsaye ba tare da tsoron takardarsa ko tausayinsa ba. Amma me take so a rayuwa, me ya ja ta ga wannan mutumin, ba a ba ta fili ta nuna ba. Aikinta a labarin shi ne ta zama abin da za a yi masa barazana da shi.

Ba zan tona ƙarshen ba. Abin da zan ce shi ne, da lamari ya ƙazance har aka koma koya wa Kazuhiko riƙon bindiga a gurguje, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, fim ɗin ya ɗauki zafi na gaske, kuma akwai juyin da ban hango ba ko kaɗan duk da cewa an shuka shi tun farko a fuskar wani. Akwai kuma daren da aka shigo wa iyayen Kazuhiko gida da abin da zai sa kowace uwa ta ɗora hannu a ka ta yi kururuwa, su kuwa suka karɓe shi da sanyin da suke yaba girki da shi. Wannan ya biya duk zaman teburin da aka sa mu yi, har na sake duban iyayen da wani ido. Bayan nan ne aka lalata mini. Aka rufe da zama cikin raha da muryar Kazuhiko a sama tana yi mana bayanin cewa ɗan lokacin farin ciki irin wannan shi ne ribar rayuwa. Bayan gawarwakin da aka ƙone a bayan ginin nan, wannan sassaucin ya yi araha da yawa. Wasu na karanta shi a matsayin gatse, wai dariyar da ake yi a kan kabari ce. Na so in yarda da su, amma kiɗan da hasken wurin ba su nuna mini gatse ba, sun nuna darakta ne da ya ƙaunaci mutanensa har ya kasa yanke musu hukunci.

Duk da haka ina ba da shawarar a neme shi. Kamfanin Third Window Films na Birtaniya ya fitar da shi a faifai a 2020 da fassarar Turanci a ƙasan allo, kuma dole a bi fassarar a natse, don rabin daɗin fim ɗin yana cikin ladabin da ake magana da shi a kan abin da bai kamata a yi wa ladabi ba; wanda ke kallo yana latsa waya zai ga mutane ne kawai suna wanke ƙasa. Akwai yanka da jini a fili, ko da yake kyamara ba ta daɗewa a kansu, akwai shan giya, akwai maza ba riga tunda gidan wanka ne. Ba na yara ba ne, kuma minti talatin na farko suna tafiya a hankali ƙwarai, sai an yi haƙuri da su kafin a kai daren da Kazuhiko ya leƙa ta ƙofa.